Kalmar *Season* ta Ingilishi: Asalinta, Ma'anoninta da Matsayinta a Manhajar Hausa

1.0 Gabatarwa

Daga cikin kalmomin Ingilishi da malamin Hausa yake yawan cin karo da su a fagen fassara da koyarwa akwai kalmar *season*. Ɗalibi yakan fara haɗuwa da ita a darasin kimiyya ko na labarin ƙasa tun yana firamare, sannan ya sake tarar da ita a labarin wasanni, da jikin ƙunshin kayan miya, da kuma shirye-shiryen talabijin. A kowane muhalli kuwa da irin ma'anar da take ɗauke da ita. Abin da aka saba shi ne a koya wa ɗalibi ma'ana guda, wato ɗaya daga cikin sassa huɗu na shekara, a kuma jera masa sunayen sassan nan na Ingilishi a gefe guda, sunayen Hausa a ɗaya gefen, kamar kowane suna yana da takwaransa daidai wa daida.

Wannan matsala ta fi tsanani ga masu koyon Hausa a matsayin harshe na biyu. Tun a 1977 Manufar Ilimi ta Ƙasa ta tanadi cewa yaro ya koyi ɗaya daga cikin manyan harsunan Nijeriya uku baya ga harshensa na gida. Ga irin wannan ɗalibi a kudancin ƙasar nan, Ingilishi ne gadar da yake bi ya isa ga Hausa. Idan gadar ta karkace, duk abin da ya tsallaka ta kanta zai iso a karkace.

Wannan maƙala za ta bi diddigin asalin kalmar, ta fayyace ma'anoninta da hanyoyin amfani da ita, sannan ta duba yadda Hausa take bayyana kowace ma'ana. Za a ga cewa ginshiƙin ma'anar *season* shi ne “lokacin da ya dace da abu”, kuma daga gona aka samo shi. A ƙarshe za a kawo shawarwari ga masu tsara manhaja da marubuta littattafan makaranta.

2.0 Asalin Kalmar

2.1 Daga Latin zuwa Faransanci

Tushen kalmar yana cikin harshen Latin. A harshen akwai aikatau *serere*, wanda ke nufin shuka. Daga gare shi aka sami *satus*, wato abin da aka shuka, da kuma suna *satio*, wato aikin shuka. Manoman daular Rum sun riƙa amfani da *satio* ga aikin da kuma lokacin da ake yin sa, kamar dai yadda Bahaushe zai ce “da shuka aka haife shi”, yana nufin a lokacin shuka. Sannu a hankali ma'anar ta faɗaɗa, ta tashi daga lokacin shuka ta koma kowane kaso na shekara mai alamominsa.

Sigar kalmar da ta gangaro zuwa Faransanci ita ce *sationem*. A tsohon Faransanci ta zama *seison* ko *saison*, kuma har yanzu *saison* ake cewa a Faransa da Jamhuriyar Nijar da sauran ƙasashen da ke amfani da harshen. Sauyin sautin da ya auku a nan ya shafi wasu kalmomin ma. Ta wannan hanya ce *rationem* ta zama *raison*, Ingilishi ya are ta a matsayin *reason*, wato dalili, *potionem* kuma ta zama *poison*, wato guba. Wannan shi ya sa ake furta harafin *s* na tsakiyar kalmomin uku da sautin *z*, abin da ya kamata malami ya ankarar da ɗalibansa a kai.

2.2 Shigarta Ingilishi

A 1066 Wiliyam na Nomandi ya ci Ingila da yaƙi. Daga nan Faransanci ya zama harshen fada da shari'a da masu hannu da shuni na tsawon ƙarnuka, kuma dubban kalmominsa suka kwarara cikin Ingilishi. Kalmar da muke nazari ta fara bayyana a rubuce-rubucen Ingilishi wajajen 1300, ana rubuta ta *sesoun* ko *seson*. Kafin zuwanta Ingilishi yana da kalmomin *tid* da *tima* masu nufin lokaci. Ta biyun ita ce ta zama *time*. Ta farkon kuwa ta zama *tide*, ma'anarta ta ƙuntata ga cika da janyewar teku, sai dai ɓirɓishin tsohuwar ma'anar ya saura a kalmomi irin su *eventide*, wato lokacin maraice.

Su kansu sunayen sassa huɗu na shekara ba a rana ɗaya suka haɗu ba. *Summer* da *winter* su ne 'yan asali, kuma a tsohon Ingilishi da *winter* ake ƙirga shekarun mutum. Lokacin da ke bin sanyi ana kiran sa *lencten*, saboda a cikinsa yini yake ƙara tsawo. Wannan suna ya koma *Lent*, ya keɓanta ga azumin Kirista na kwana 40 kafin Ista. Lokacin da ke bin zafi kuma ana kiran sa *haerfest*, wanda ya zama *harvest*, wato girbi. Har gobe Jamusanci yana kiran wannan lokaci *Herbst*. Kalmar *autumn* ta shigo daga Latin ta hanyar Faransanci a ƙarni na 14, *spring* da *fall* kuwa sai a ƙarni na 16 suka kafu. Daga baya *fall* ta ja baya a Ingila, ta zauna daram a Amurka. Ke nan jerin sunaye huɗun da ake haddace wa yara a yau abu ne da tarihi ya harhaɗa a hankali a wani yanki na duniya, gwargwadon abin da mutanen yankin suke gani a gonakinsu da sararin samaniyarsu.

2.3 Dangin Kalmar

Masana tarihin harsuna sun danganta *serere* ga wata tsohuwar saiwa ta iyalin harsunan Indiya da Turai mai nufin shuka. Daga wannan saiwa Ingilishi ya gaji *sow*, wato shuka, da *seed*, wato iri. Daga reshen Latin kuma ya ari *seminary*, wadda asalinta ke nufin wurin renon iri, da *seminar*, da *disseminate*, wato watsa abu kamar yadda ake yafa iri.

Ba duk harsunan da suka fito daga Latin ne suka bi wannan hanya ba. Italiyanci yana cewa *stagione*, Sifaniyanci kuma *estación*, dukkansu daga *statio*, wato tsayuwa, kalmar da ta ba Ingilishi *station*. Duk da haka Sifaniyanci ya adana *sazón* daga *satio*, da ma'anar nunar ɗan itace da daɗin ɗanɗanon abinci. Za mu ga irin wannan ma'ana a Ingilishi a sashe na 4.0.

3.0 Ma'anonin Kalmar a Matsayin Suna

3.1 Kason Shekara

Wannan ita ce ma'anar da aka fi sani. Dalilin samuwar sassan shekara shi ne karkatar duniya a kan sandarta da kimanin digiri 23.5 yayin da take kewaya rana. Idan rabin duniya na arewa ya karkata wajen rana sai yini ya yi tsawo, zafi ya ƙaru a can. Bayan wata shida sai lamarin ya juya. Kusanci ko nisan duniya da rana ba shi ne dalili ba, domin a farkon Janairu ne duniya ta fi kusa da rana, da tazarar kilomita miliyan 147, alhali Turai tana tsakiyar sanyi. A farkon Yuli kuwa tazarar takan kai miliyan 152. Wannan karkata ce kuma ta sa watan Disamba yake lokacin zafi a Afirka ta Kudu da Ostireliya.

Tasirin karkatar yana ƙaruwa gwargwadon nisan wuri daga tsakiyar duniya. A Landan yini yakan haura awa 16 a ƙarshen Yuni, ya kasa kai awa 8 a ƙarshen Disamba. A Kano kuwa bambancin da ke tsakanin yini mafi tsawo da mafi gajarta bai wuce kimanin awa ɗaya da rabi ba. Saboda haka tsawon yini da zafin rana su ne ma'aunin rabon shekara a Ingila. Masu nazarin yanayi a can suna ba kowane kaso wata uku: *spring* daga Maris zuwa Mayu, *summer* daga Yuni zuwa Agusta, *autumn* daga Satumba zuwa Nuwamba, *winter* daga Disamba zuwa Fabrairu.

Adadin huɗu ba doka ba ce a kan kowa. Misirawan dā sun raba shekara uku bisa ga halin kogin Nilu: lokacin ambaliya, lokacin tsiro da lokacin girbi. Tsohon lissafin Indiya ya raba ta shida. Shi kansa Ingilishi idan ya zo ƙasashe masu zafi yakan ajiye sunayensa huɗu ya ce *rainy season* da *dry season*.

(1) *The rainy season came late this year.*
Bana damina ta yi jinkirin sauka.

3.2 Lokacin da Abu Yake Samuwa

A wannan ma'ana kalmar ta fi kusa da asalinta. Tana nufin lokacin da amfanin gona ko ɗan itace yake nuna ya wadata a kasuwa. A nan ne ake samun *in season* da *out of season*.

(2) *Mangoes are in season.*
Yanzu lokacin mangwaro ne.

(3) *Tomatoes are costly out of season.*
Tumatir yakan yi tsada idan lokacinsa ya wuce.

Idan aka yi amfani da *in season* ga macen dabba, to ana nufin tana neman barbara.

3.3 Lokacin da Aka Keɓe wa Wani Aiki

Daga gona kalmar ta shiga sauran harkokin rayuwa. A dokar farauta ta Ingila akwai *open season*, lokacin da aka yarda a farauci wani nau'in tsuntsu ko dabba, da *close season*, lokacin da aka hana domin su hayayyafa. Alal misali, farautar tsuntsun da ake kira *red grouse* tana buɗewa ranar 12 ga Agusta ta rufe ranar 10 ga Disamba. A adon magana, idan aka ce an buɗe *open season* a kan mutum ana nufin kowa ya sami damar sukarsa.

A ƙarni na 18 da na 19 manyan gidajen Ingila sukan bar gandayensu na karkara su taru a Landan na wasu watanni domin liyafa da neman aure, yayin da majalisa take zama. Wannan lokaci shi ake kira *the Season*, da babban baƙi. A fagen wasanni kuma kalmar tana nufin tsawon lokacin gasa. Gasar Firimiya ta Ingila, mai ƙungiyoyi 20, takan fara a Agusta ta ƙare a Mayu, kowace ƙungiya ta buga wasa 38.

(4) *Arsenal finished the 2003/2004 season unbeaten.*
Arsenal ta kammala kakar wasa ta 2003/2004 ba tare da an doke ta ba.

Haka kuma ana cewa *festive season* ga lokacin bukukuwa, *high season* da *low season* ga lokacin cinkoso da na ƙarancin baƙi a masaukai, *season ticket* ga tikitin da ake saya sau ɗaya a yi ta amfani da shi har wa'adinsa ya cika. A Ingilishin Amurka jerin shirye-shiryen talabijin da aka nuna a jere shi ma *season* ne, a na Ingila kuwa an fi sabawa da *series*.

(5) *The second season of the drama begins next month.*
Zango na biyu na wasan zai fara a watan gobe.

4.0 Kalmar a Matsayin Aikatau da Sifa

Tun a ƙarni na 14 ake amfani da *season* a matsayin aikatau, da ma'anar gyara ɗanɗanon abinci ta hanyar sa gishiri da kayan yaji. Mai koyo yakan yi mamakin abin da ya haɗa miya da sassan shekara. Alaƙar tana cikin Faransanci, inda aikatau ɗin da aka ƙera daga *saison* yake nufin kai abu ga nuna. Ɗan itace yakan yi daɗi idan lokacinsa ya yi. Mai girki kuma yana kai abinci ga irin wannan daɗi da kayan haɗinsa. Bahaushe ba baƙo ba ne ga wannan tunani, domin kalma ɗaya yake amfani da ita ga biyun: “mangwaro ya nuna”, “nama ya nuna”.

(6) *She seasoned the soup with salt and pepper.*
Ta sa wa miya gishiri da barkono.

Daga nan aka sami suna *seasoning*, wanda ya ƙunshi duk abin da ake sa wa abinci domin ɗanɗano ko ƙanshi, kamar daddawa da citta da kanumfari da masoro da dunƙulen magi.

A ƙarni na 16 ma'anar ta kai ga katako. Ɗanyen katako yakan tsage ko ya lanƙwashe idan aka yi aiki da shi, don haka akan jingine shi ya sha iska har ruwan jikinsa ya tsane. Daga katako sai aka kai ga mutumin da daɗewa a kan aiki ta ƙarfafa shi.

(7) *The carpenter uses seasoned wood.*
Kafintan yana aiki da busasshen katako.

(8) *He is a seasoned teacher.*
Gogaggen malami ne.

Akwai sifofi biyu da ɗalibai kan rikita. *Seasonal* tana nufin abin da yake zuwa ko yake aukuwa a wani lokaci na shekara kawai: *seasonal river* shi ne kogin da ke ƙafewa da rani, *seasonal migrant* kuma shi ne ɗan ci-rani. *Seasonable* tana nufin abin da ya dace da lokacinsa, kishiyarta kuma *unseasonable*. Sanyi a Kano cikin Janairu ya dace da lokacinsa, ruwan sama kamar da bakin ƙwarya a wannan wata kuwa ya saɓa.

Wajibi ne kuma a raba *season* da *session*. Ta biyun daga kalmar Latin mai nufin zama ta fito, shi ya sa ake amfani da ita ga zaman majalisa da na kotu da shekarar karatu. Kamar furuci ce kawai ta haɗa su, amma takan sa ɗalibai su rubuta ɗaya a muhallin ɗaya.

5.0 Yadda Hausa Take Bayyana Waɗannan Ma'anoni

5.1 Rabon Shekara a Ƙasar Hausa

A Afirka ta Yamma ruwan sama ne ma'aunin rabon shekara. Iska biyu ne suke karɓa-karɓa: mai danshi da ke tasowa daga tekun Atalantika ta kudu maso yamma, da busasshiya da ke tasowa daga hamadar Sahara ta arewa maso gabas. Iyakar da ke tsakaninsu takan matsa arewa daga Maris zuwa Agusta, sannan ta janye kudu. Wannan ya sa ruwa yake riga sauka a Zariya kafin Kano, a Kano kafin Damagaram.

Bisa ga haka Bahaushe ya raba shekararsa. *Bazara* ita ce lokacin tsananin zafi gab da saukar ruwa, daga wajajen Maris zuwa Mayu, lokacin sharar gona da kai taki. *Damina* ita ce lokacin ruwa da noma, daga wajajen Yuni zuwa Satumba, kuma a tsakiyarta ake samun *marka*. *Kaka* ita ce lokacin girbi da wadata, wajajen Oktoba da Nuwamba. *Hunturu* ko *ɗari* shi ne lokacin sanyi da hazo da busasshiyar iska, daga Disamba zuwa Fabrairu. *Rani* kuwa yakan ɗauki duk tsawon lokacin da babu ruwa, kamar yadda ake gani a *noman rani* da *cin rani*. Saboda wannan ne wasu suke ƙirga lokutan huɗu, su sa hunturu a cikin rani, wasu kuma su ƙirga biyar.

Ɗalibin kudu shi ma yana zuwa aji da nasa rabon. Ibo yana da *udu mmiri* da *ọkọchị* da *uguru*, wato damina da rani da hunturu. Bayarabe yana da *igba ojo* da *igba ẹrun* da *ọyẹ*. Rabon Hausa ya fi kusa da waɗannan fiye da na Ingilishi, domin iska ɗaya ce take kawo wa kowa ruwa da hazo.

5.2 Matsalar Gwama Sunaye

Idan aka tilasta wa sunayen Hausa su zauna a gurbin na Ingilishi, *kaka* ce kaɗai takan zauna ba tare da gardama ba, tun da ita da *autumn* duk lokacin girbi ne. *Hunturu* da *winter* sun haɗu a watanni da kuma sanyi, amma sun rabu a sauran siffofi: na Ingila lokaci ne na jiƙa da gajeren yini da ƙanƙara, na ƙasar Hausa kuwa lokaci ne na bushewa da ƙura da kaushi.

Inda gizo yake saƙar shi ne *spring* da *summer*. Idan aka bi watanni, *spring* ta faɗo a kan bazara, *summer* ta faɗo a kan damina. Idan aka bi zafi, *summer* ce bazara. Idan kuma aka bi tohon ciyayi da ganyaye, *spring* ta yi daidai da farkon damina. Sakamakon wannan a bayyane yake a kafofin watsa labarai na Hausa, inda ake jin “wasannin Olamfik na bazara” ga gasar da ake yi a Yuli da Agusta, ake kuma jin “bikin bazara” ga bikin sabuwar shekarar Sinawa da ake yi a Janairu ko Fabrairu. Kalma ɗaya ta ɗauki lokuta biyu na ƙasashen waje, kuma babu ɗayansu da ya yi kama da bazarar da manomin Gumel ya sani.

Sauran harsuna ma sun fuskanci irin wannan. Larabci yana da sunaye huɗu, *rabi'* da *saif* da *kharif* da *shita'*, amma a Sudan *kharif* damina take nufi, domin mutanen wurin sun daidaita kalmar da ƙasarsu. Haka kuma kalmar Larabci *mausim*, mai nufin lokacin da aka san shi da wani abu, kamar lokacin aikin Hajji, ta bi ta bakin matuƙan jiragen ruwa na Fotugal ta shiga Ingilishi a matsayin *monsoon*, sunan iskar da ke kawo damina a Indiya.

5.3 Gamammiyar Kalma

Hausa ba ta da kalma guda da ta tattara duk ma'anonin *season*. *Lokaci*, wadda aka aro daga *al-waƙt* ta Larabci, ta fi ta faɗi. *Fasali* ta shigo da ma'anar babi da tsari, amma ma'anarta ta kason shekara a Larabci ba ta bazu a bakin jama'a ba. *Yanayi* kuwa an riga an ɗora mata kaya masu yawa: ita ce *weather* a “hasashen yanayi”, ita ce *climate* a “sauyin yanayi”. Idan aka ƙara mata *season* sai kalma ɗaya ta wakilci abubuwa uku da darasin labarin ƙasa yake son ɗalibi ya bambanta. Illar wannan ba ta tsaya a aji ba. Hukumar Kula da Yanayi ta Nijeriya takan fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, kuma wanda zai fassara shi ga manomi dole ya raba halin sararin samaniya na gobe da halin damina gaba ɗaya, domin a kan wannan bayani manomi zai yanke shawarar ranar shuka da irin da zai shuka.

5.4 Kalmar *Kaka*

Abin da ya fi jan hankalin mai nazarin ma'ana shi ne yadda *kaka* take bin sawun da *satio* ta bi. Asalinta lokacin girbi ne, lokacin da abinci ya wadata, ake biyan bashi, ake ɗaura aure, ake dambe da kokawa. Daga nan ta faɗaɗa zuwa lokacin da kowane abu yake ci: “kakar gyaɗa”, “kakar auduga”, sannan “kakar wasa” da “kakar zaɓe”.  Latin ya ɗauki farkon aikin gona ya mai da shi sunan lokaci, Hausa kuma ta ɗauki ƙarshensa. Masu magana da harshen su suka yi wannan da kansu, kamar yadda suka ɗauki *zango*, masaukin fatake, suka ba wa kason shekarar karatu da na wasan talabijin. Aron *sizin* da ake ji a bakin matasa bai rasa nasaba da finafinan ƙetare masu dogon zango, amma *zango* ta riga ta cike wannan gurbi.

6.0 Shawarwari

Na farko, a darussan firamare a fara da lokutan shekara na ƙasar Hausa, a bayyana kowanne da alamominsa da ayyukan da ake yi a cikinsa, kafin a gabatar da na ƙasashen waje. Ga masu koyon Hausa a matsayin harshe na biyu, a fara gwama su da na harshen ɗalibi na gida.

Na biyu, a daina jera sunayen Hausa da na Ingilishi a jadawali guda a matsayin takwarori. Inda ake magana a kan ƙasashe masu sanyi, a yi amfani da bayani: lokacin toho, lokacin zafi, lokacin kaka ko zubar ganye, da lokacin sanyi, tare da ambaton watanni da yankin da ake nufi.

Na uku, a tsayar da “lokutan shekara” a matsayin gamammen suna ga ma'anar da ke sashe na 3.1, a bar *yanayi* ga halin sararin samaniya.

Na huɗu, a darasin fassara na sakandare a yi amfani da wannan kalma wajen nuna cewa muhalli ne yake tantance ma'ana. Misalai takwas da aka kawo a sama sun buƙaci *damina* da *lokaci* da *kaka* da *zango* da *sa gishiri* da *busasshe* da *gogagge*, alhali kalmar Ingilishin ɗaya ce.

Na biyar, a ankarar da mai koyo cewa a rubuce *kaka* ta girbi da *kaka* mahaifin uba ko uwa siffarsu ɗaya, jumla ce take raba su, sannan a raba su da *ƙaƙa* ta tambaya.

7.0 Kammalawa

An nuna a wannan maƙala cewa *season* ta samo asali daga kalmar Latin mai nufin shuka, ta bi ta Faransanci ta shiga Ingilishi wajajen 1300, sannan ta faɗaɗa daga kason shekara zuwa lokacin nunar amfanin gona, da lokacin gasa da bukukuwa, har zuwa gyaran abinci da busar da katako da gogewar ma'aikaci. Zaren da ya ɗinke waɗannan ma'anoni shi ne isar abu ga lokacinsa. An kuma nuna cewa Hausa tana da hanyar bayyana kowace ma'ana, ko da yake ba da kalma guda ba, kuma rabon shekararta a kan ruwan sama aka gina shi. Aikin da ya rage ga kwamitocin manhaja da na daidaita kalmomi shi ne su tsayar da sunayen da za a riƙa amfani da su ga lokutan shekara na ƙasashen waje, su kuma shigar da su cikin littattafan ɗalibai da jagoran malamai a bugu na gaba.